Barcin La'asar a Gidan Malam Hodi

A Argungu akwai wani tsoho, Malam Hodi, wanda ba a taɓa gani yana gyangyaɗi a cikin mutane ba. Ya haura saba'in. Ya yi su a gulbi tun yana saurayi, daga baya ya koma noma, tafin hannunsa kamar ɓawon itace. Karatunsa na allo ya tsaya daidai inda zai isa yin salla, na boko kuwa bai wuce gane lambar da ke jikin buhu ba. Yana da fadama a bakin ruwa, shinkafa da damina, shinkafa da albasa da rani. In ya yi magana a gidansa ba a neman ya maimaita.

'Ya'yansa suna da yawa, amma biyu labarin nan ya shafa: Nazifa, 'yar farinsa, da Izzuddeen, autansa a maza.

Nazifa ta yi karatu har uban ya gaji da tambayar yaushe za ta gama. Ta yi aure, tana zaune da mijinta a Gwadangaji, tana aiki a wani asibiti a Birnin Kebbi, sashen masu taɓin hankali. Ba ta yin allura, ba ta rubuta magani. Bincike take yi. Sau ɗaya ta yi masa bayani, tana durƙushe a ƙofar zaure. Ta ce ana manna wa mara lafiya wayoyi a ka, ya kwanta, na'ura ta riƙa rubuta abin da ƙwaƙwalwarsa ke yi. Ana so a gane yadda lalacewar barci ke tayar da ciwon, da yadda ciwon ke lalata barci. Da wannan aikin za ta sami digirinta na ƙarshe.

Ya ce, "Wato shekara ashirin kina karatu don ki zauna kallon mahaukata suna kwana."

"Marasa lafiya, Baba."

"Tashi ki ba ni wuri."

Tun daga ranar, in an tambaye shi sai ya ce likita ce, ya ja bakinsa. Amma taubashinsa Tamba ba ya barin kura ta kwanta. Suna zaune gindin dogonyaro zai fara.

"Hodi, idona na ƙaiƙayi. In tahi wurin ɗiyarka?"

"Ba ta ido ba ce."

"To haƙori? Akwai wani nan baya shina motsi."

"Cire shi da hannunka."

"Ni dai an ce mini kwana take awo. In ana biyan mai kwana, don Allah kai ni. Ni ko a tsaye ina yi."

Majalisa ta kwashe da dariya. Hodi yakan kaɗa rigarsa ya tafi gona.

Sai ga shi ciwon ya shigo gidansa. Izzuddeen yana da shekara ashirin da shida, ƙaƙƙarfa, mai kunya, wanda ko kallon idon ubansa ba ya yi. Wata shekara bayan girbi ya daina barci. Ya riƙa magana ba tsayawa, ya ce zai sayi fadamar garin duka. An yi rubutu, an yi hayaƙi, abin ya ƙi. Nazifa ce ta zo da mota ta ɗauke shi. Ya yi wata guda a asibiti, ya dawo da hankalinsa, da ƙwayoyi a cikin leda, da wani baƙin agogo a hannu.

Agogon ba ya nuna lokaci. Nazifa ta ce motsin jiki yake ƙirgawa, dare da rana, don a san yaushe mutum ya yi barci, yaushe ya farka. Izzuddeen da kansa ya yarda ya shiga binciken, ya sa hannu. Ba ita za ta duba nasa ba, don ba a barin mutum ya binciki jininsa. Shugabanta, Dakta Abdussamadu, shi zai duba.

Hodi ya ce, "Agogon da bai san azahar ba, ai munduwa ce." Amma bai hana ba.

Abin da ya dame shi maganin ne. Tunda yaron ya fara sha ya zama mai nauyin jiki. Ya yi barci da dare, ya yi da hantsi, kuma da an idar da la'asar sai ka same shi a miƙe a kan tabarma. Wannan ne Hodi bai iya gani ba. Tun yana yaro ya ji daga bakin ubansa, ubansa ya ji daga nasa, cewa barcin la'asar hauka yake kawowa. Kakarsa ta taɓa zuba masa ruwan randa a kansa saboda shi. To ga yaron da ya fito daga hauka jiya, yana kwance a daidai lokacin da ake tsoro. Wane uba zai wuce ya bar shi?

Saboda haka kullum in ya dawo daga masallaci sai ya biya ta ɗakin. Ba ya faɗa. Ya taɓa ƙafar yaron da sandarsa.

"Kai. Tashi. Rana ba ta hwaɗi ba."

Izzuddeen ya tashi zaune, ya ce, "To, Baba."

Sannan ga bakin mutane. Ana cewa ɗan Hodi ya zama rago, sai ci sai kwana. Maganar ta kai kunnensa. Da noman rani ya kama, aka kai injin ban ruwa bakin gulbi. Ɓarayi sun ɗauke na mutum biyu a shekarar, dole wani ya kwana wurin ido buɗe. Hodi yana da wanda zai sa. Amma ya sa Izzuddeen, don gari ya ga ɗansa ya warke, har aikin maza yake yi.

Da gadi ya zo, nauyin maganin ya zama cikas. Hodi ya kira matarsa Balaraba, ya miƙa mata reza.

"Raba ƙwayar nan biyu. Rabi ya ishe shi."

"Malam, Nazifa ta ce kada a taɓa."

"Ita ta haihe shi?"

Balaraba ta karɓi reza.

Haka aka yi sati bakwai. Da dare yana gadi. Da asuba ya dawo ya yi salla, ya ɗan kishingiɗa, uban ya tashe shi, don barcin safe yana korar arziki, kuma ga albasa tana jiran ruwa. Da la'asar sanda ta taɓa ƙafarsa. Hodi yana ganin idon yaron ya yi ja, yana ganin ya fara yawan dariya, ya ce a ransa jini ne ya dawo jikinsa.

Ran wata Juma'a aka zo aka kira shi da gudu. Izzuddeen ya fasa kunyoyin gonakin maƙwabta uku, ya saki ruwa, ya ce daga yau babu iyaka tsakanin gonar musulmi da ta ɗan'uwansa. Daga nan ya shiga kasuwa jikinsa duk laka, ya hau kan buhunan wani yana wa'azi. Maza huɗu suka riƙe shi. Hodi ya ratsa taron bai dubi kowa ba. Ko Tamba bai yi wasa ba ranar. Shi ya nemo motar da ta kai su Birnin Kebbi.

Kwana goma sha biyu Hodi bai koma asibitin ba. Balaraba ce ke zuwa. Sai Nazifa ta bugo waya ta ce Dakta Abdussamadu yana son ganinsa shi da kansa, don a yanke abin da za a yi. Hodi ya ɗauka sallama za a yi. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya ce wa Balaraba ta share ɗakin yaron.

Ya sauka tasha da hantsi, ɗan kabu-kabu ya kai shi. Nazifa na jiransa a bakin ƙofa da farar riga a kan hijabinta. Ta durƙusa ta gaishe shi, mutane na wucewa suna gaishe ta. Ta bi da shi ta wani dogon baranda. Suka wuce wani ɗaki ƙofa buɗe: gado ɗaya, labule mai kauri, wayoyi masu launi a rataye kamar igiyar fatsa, kwamfuta a gefe.

"Nan nike aiki, Baba."

Ya leƙa, ya ce, "Hm."

Dakta Abdussamadu mutum ne mai furfura a gemu, ya kusa sittin. Ya miƙe ya ba Hodi hannu biyu, ya ba shi kujera. Nazifa ta zauna can baya kusa da ƙofa.

Likitan ya shimfiɗa wata doguwar takarda a kan tebur. Layi-layi ne, an jera su kamar kunyoyin gona.

"Malam, kowane layi kwana ɗaya ne a rayuwar Izzuddeen. Inda ka ga baƙi, barci yake. Inda ka ga fari, idonsa biyu. Agogon hannunsa ya rubuta wannan."

Hodi bai iya karatu ba, amma wannan ba ya bukatar karatu. Layukan sama baƙi ne mai tsawo, ƙoshi guda. Daga tsakiyar takarda zuwa ƙasa, dare ya koma fari fat. Sai ɗan guntun baƙi bayan asuba. Sai wani ɗan guntu da yamma, kamar an yanke shi da wuƙa, kullum a wuri ɗaya.

Likitan ya ce, "Sati bakwai bai cika awa uku a rana ba. Mai irin ciwonsa, wannan kaɗai ya isa ya tayar masa. Abin da nake so in sani shi ne wanne ya riga wanne. In ciwon ne ya dawo da kansa ya hana shi barci, to maganin da muka ba shi bai riƙe shi ba, sai mu canza. In kuwa wani abu ne daga waje, magana ta bambanta. Yana shan maganinsa yadda aka ce?"

"Shina sha."

"Cikakke, kullum?"

"Kullum."

"Da dare fa? Akwai abin da ke hana shi kwanciya?"

Hodi ya dubi takardar. Ya ji rigarsa ta yi masa nauyi. Ga 'yarsa a bayansa, ga baƙon mutum a gabansa. Shekara saba'in ba a taɓa zaunar da shi ana tambayarsa yadda yake tafiyar da gidansa ba.

"Ba abin da ka hana shi."

"Izzuddeen ma haka ya ce mini."

Daga baya Nazifa ta yi magana, murya ƙasa. "Ranka ya daɗe, a duba Laraba."

Likitan ya ɗora yatsa. A kowane layi na bakwai, guntun baƙin nan na yamma bai yanke ba. Ya miƙe har magariba.

Ta ce, "Ciwo bai san Laraba ba."

Hodi ya san Laraba. Ranar ce yake tafiya kasuwar ƙauye wurin dillalan albasa, ba ya dawowa sai an kira magariba. Ita ma ta sani. Tun tana 'yar makaranta yake kawo musu tsarabar rake ranar.

Likitan ya juyo. "Malam, me ke faruwa ranar Laraba a gidanka?"

"Rana ce awa kowace."

Dakta Abdussamadu ya cire tabarau. Ya dubi Nazifa.

"Na bar ki ki zauna nan a matsayin yayarsa, ba mai bincike ba. Na ga abin da kika gani. Amma mara lafiya ya ce babu, mahaifinsa ya ce babu. Agogo motsi kawai yake ƙirgawa, yana iya kuskure. Kuma mai bincike, in abin ya shafi nasa, yakan ga abin da yake so ya gani. Kin san wannan, ke kike koya wa na ƙasa da ke."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

Ta sunkuyar da kai. Hodi bai waiwaya ba, amma ya ji muryar. Irin muryar da take yi tana ƙarama in an dake ta a kan laifin wani.

Likitan ya ce to za a canza magani zuwa wanda ya fi ƙarfi. Yana da nauyi a jiki, sai an riƙa auna jini, don haka Izzuddeen zai ƙara wata guda a asibiti, ko fiye. Gobe da safe za a fara.

Suka fito. Nazifa ba ta ce masa kome ba sai, "Baba, ka ci abinci?" Ya ce ya ci. Bai ci ba. Ta kai shi ɗakin da ake kwantar da maza, ta ce tana da aiki, za ta dawo.

Izzuddeen na zaune a kan benci a baranda. Ya rame, an yi masa aski. Da ya hango ubansa ya zame ƙasa ya durƙusa.

"Sannu da zuwa, Baba."

"Ya jiki?"

"Da sauƙi. Ya albasa?"

"Tana nan."

"An gyara wa su Malam Sunusi kunyoyinsu? Ka ba su haƙuri, Baba. Wallahi ban san na yi ba."

"An gyara."

Wani mara lafiya ya wuce yana jan silifa, ya yi musu sallama, suka amsa. Izzuddeen ya duba hagu da dama, ya matso.

"Baba, ban hwaɗa musu ba."

"Ba ka hwaɗi mi ba?"

"Kome. Gadin, da maganin. Yaya ta tambaye ni har sau uku. Na ce ni ka tashi da kaina, kwanan ne ba ya zuwa." Ya yi ɗan murmushi, irin na wanda ya yi abin kirki yana jiran a yaba. "Kada a ce wani abu a kanka."

Hodi ya buɗe baki zai ce masa ɗan halak ba ya ƙarya. Sai ya fasa. Da wane baki? Ya dubi yaron, wuyansa ya zama siriri, agogon ya yi masa yawa a hannu. Wannan ne za a ɗura wa magani mai nauyi gobe, a riƙa tsotsar jininsa a kwalba, don a rufa wa tsoho asiri.

Aka kira la'asar. Ya tashi ya tafi masallacin asibiti. Ya yi alwala ya maimaita, don bai tuna ko ya shafi kai ba. Bayan an sallame ya daɗe zaune, carbi a hannu ba ya ja.

Da ya dawo, benci ba kowa. Ya leƙa ɗaki. Izzuddeen na kwance a gado, baki ɗan buɗe, hannu ɗaya ya sauko ƙasa. Rana na shigowa ta taga, ja-ja. Kafin Hodi ya san abin da yake yi, ya isa bakin gadon, sandarsa ta ɗagu.

Wata ma'aikaciyar jinya ta ce daga teburinta, "Baba, a bar shi. Bashin barci yake biya."

Ya sauke sandar. Ya ga Nazifa tsaye a ƙofa. Ta gani. Ta kawar da kai kamar tana duba wata takarda a bango.

Ya fito baranda ya zauna. Ta zo ta tsuguna nesa kaɗan.

Ya ce, "Ke."

"Na'am, Baba."

"Kwanan la'asar. A karatun naku, shina kawo hauka ko ba ya kawowa?"

"Ban taɓa ganin inda aka nuna yana kawowa ba, Baba. Mu ma mun fi son mutum ya yi barcinsa da dare, shi ya fi gyara ƙwaƙwalwa. In Izzu na samun na dare cikakke, ni da kaina zan ce ya rage na rana. Amma wanda bai samu na dare ba, bai samu na safe ba, ɗan na yamman nan shi kaɗai ya rage mishi."

"Kakata ta zuba min ruwa a kanshi."

"Na sani. Ni ma Inna ta sha tashina."

"Kin san ni ne."

Ba ta amsa ba.

"Tambayarki nike."

"Takarda ta nuna wani ne, Baba. Ba ta faɗi suna ba."

"Mi ya hana ki hwaɗa wa likita?"

Ta ɗago, idonta ya cika. "In tsaya gaban mutane in ce ubana ya yi ƙarya?"

Kalmar ta fito, ta rufe baki da gefen hijabi. Da a gida ne, da wani ya faɗi wannan, da an ji su a maƙwabta. Hodi ya dafa sanda ya miƙe.

"Likita shina nan?"

"Bai tashi ba tukuna."

"Wuce gaba."

Dakta Abdussamadu na haɗa takardunsa cikin jaka. Ya nuna kujera. Hodi ya ƙi zama. Ya tsaya tsakiyar ofis da babbar rigarsa, hannu biyu a kan sanda.

"Abin da na hwaɗa maka ɗazu ba haka ba ne."

Likitan ya ajiye jaka.

"Ni na sa shi gadin inji. Sati bakwai. Da sahe ni ka tashe shi. Da la'asar ni ka tashe shi. Laraba ba ni gari." Ya haɗiye miyau. "Magani kuma rabi yake sha. Ni na ba uwarshi reza. Ita ba ta so ba."

"Me ya sa, Malam?"

"Na la'asar, tsoro. Na gadi, bakin mutane."

Fanka na juyawa a sama. Hodi ya jira faɗa. Ya fi son a yi masa faɗa, ya san yadda ake ɗaukarsa. Likitan bai yi ba. Ya jawo takardar nan ya sake shimfiɗawa, ya ɗauki biro, ya fara tambaya ɗaya bayan ɗaya: wace rana aka fara gadi, wace rana aka fara raba ƙwaya, ƙarfe nawa yake dawowa daga masallaci. Hodi bai san kwanan wata na boko ba. Ya ce ranar da aka dasa albasa, ya ce kwana uku bayan sunan jikan Tamba. Nazifa na mayar da su kwanan wata. Kowace amsa sai biro ya sauka daidai inda baƙi ya yanke. Wannan ya fi faɗa ciwo.

Da aka gama likitan ya dubi Nazifa ya ce, "Ke kika karanta daidai. Na janye maganata."

"Ba kome, ranka ya daɗe."

Ya juyo ga Hodi. "Ba za mu canza magani ba. Wanda yake sha bai gaza ba, ba a ba shi dama ba ne. Za mu mayar da shi cikakke. In ya ci gaba yadda yake, sati ɗaya mu sallame shi."

"Sai in zo in ɗauke shi."

Likitan ya ce, "Malam, zan faɗa maka gaskiya yadda ka faɗa mini. Ban so ya koma Argungu yanzu. Ba ya iya ce maka a'a. Ko ba ka sa shi ba, in ya ga inji ba mai gadi zai tafi. Shawarata ya zauna wurin yayarsa har a girbe shinkafa. Za mu tambaye shi, shi ma babba ne. Amma in bai ji daga bakinka ba, ba zai yarda ba."

Ɗan Hodi a gidan suruki. Ana ciyar da shi, ana ba shi magani, alhali ubansa na da rai, rumbunsa cike. Ya san abin da za a ce gindin dogonyaro. Ya san kuma ba wanda ya jawo sai shi.

Ya ce, "Mijinki ya yarda?"

"Tun bara yake cewa a kawo shi."

"To."

Sai da Izzuddeen ya farka da kansa suka shiga. Hodi ya zauna bakin gadon da ke kusa, abin da bai taɓa yi ba.

"Na hwaɗa musu."

Yaron ya zaro ido. "Baba, ai da ka bari."

"Rufe baki ka ji. In an sallame ka, Gwadangaji za ka. Abin da yayarka ta ce shi za ka yi. Ta ce sha, ka sha. Ta ce kwanta, ka kwanta. Ko ni na zo na ce tashi, kada ka tashi."

"To inji hwa? Wa za shi kwana wurin?"

"Ba ruwanka."

Nazifa ta raka shi har bakin titi. Ta so ya kwana, ya ƙi. Ana jiran abin hawa ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Wanga abu zai shiga littahin naki?"

"In Izzu ya yarda, kai ma ka yarda. Ba a sa suna, lamba ake sawa."

"Sa. Kada ki rage kome don ni."

Ya isa Argungu ana sallame isha'i. Ya bi ta bayan layi don kada ya ratsa majalisa. Balaraba na tsakar gida, ta share ɗakin yaron, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta yi tuwo da miyar kifi. Ta dubi bayansa ba ta ga kowa ba.

"Ina shi?"

"Sai sati. Kuma wurin yayarshi za shi, har girbi."

Ta ajiye kwanon da ke hannunta. "Sun gane?"

"Ni na hwaɗa."

"Har da rezar?"

"Na ce ba ki so ba."

Ta tsaya tana kallonsa. Shekara arba'in da aure ba ta taɓa kallonsa haka ba, shi kuma bai taɓa sunkuyar mata da kai ba sai yau. Ta turo masa tuwo. Ya yi loma uku ya wanke hannu.

"Ɗauko min bargo da tocila."

"Malam, da shekarunka? Ka sa wani mana."

"Gobe in nemi wani. Ɗauko."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko.